Zanen Gidan Falalu

A Tungar Gajere, wani ƙauye a bakin gulbi kusa da Maradun, kafin ruwan dam ya shanye shi, kowane gida yana da zanensa na amarya. Ba tsagar gado nake nufi ba, wadda wanzami ke yi da aska. Wannan zanen katambiri ne, baƙin ruwan nan da ake ja da tsinke a goshi da kumatu da haɓa, ya kwana bakwai bai goge ba ko da an bi shi da sabulu. Na gidan masunta layi biyu ne a goshi da ɗigo uku ƙarƙashin ido. Na gidan liman siririn layi ɗaya daga goshi zuwa karan hanci. Haka dai har gida arba'in da ɗaya. Ranar kai amarya, duk wadda ta ɗaga mata mayafi ta san gidan da ta fito ba sai an faɗa ba.

Mace ɗaya ce ke riƙe da zanen nan duka, Taiba mai kwalliya, wadda ta gaji aikin wajen gwaggonta. Mutanen gari suna cewa baiwa ce a hannunta, wai ido rufe take jan layi. Sun ga rufe idon, amma ba su san abin da take yi a cikinsa ba. Idan amarya ta zauna gabanta, Taiba takan rufe ido ta fita ƙofar gidanta a zuci, ta bi lungu, ta wuce rijiya, ta wuce tsamiya, tana gaida masu gidaje ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a ƙofar su yarinyar. Tana tsayawa, zanen ya zo mata. Haka gwaggon ta koya mata tana ƙarama: ta ja ta gida gida, a kowace ƙofa ta durƙusa ta zana mata da yatsa a ƙasa. Ba ta taɓa haddace su a jere kamar karatun allo ba. Da ƙafa ta san su. Shekara ashirin da shida tana aikin, ba ta kuskure ko ɗigo ba.

Sai aka zo da maganar dam a Bakolori. Aka ce za a tsare gulbi, a yi noman rani, alkama da shinkafa da albasa, kowa ya ƙoshi. Wasu sun ƙoshi, ban musa ba. Mutanen Tungar Gajere dai aka kwashe su a manyan motoci zuwa wani tudu mai tsakuwa, inda aka jera ɗakuna layi layi, kowanne da lamba a jikin bango. Mai kiran suna ya tsaya da takarda, ya kira mutum ya kira lamba. Maƙwabcin shekara hamsin ya koma layi na shida, wanda ba ku ko gaisawa ya zama katanga ɗaya da kai. Wasu suka ce ba za su zauna kan dutse ba, suka nufi Janbako, wasu Bakura, wasu Talata Mafara wajen dangi.

Aka shekara guda da wani abu ba a yi guɗa a sabuwar tungar ba. Auren farko shi ne na Lantana, ɗiyar Sallau da matarsa Barira, da wani direban tarakta mutumin Morai.

Da hantsi ranar kwalliya Taiba ta ɗauki ƙoƙon katambirinta da tsinkayenta da madubi ta fita. Sai da ta yi tambaya kafin ta gane gidan: layi na uku, lamba tara. A ƙofar lamba takwas ta iske Dada mai daddawa, tsohuwar ƙawar gwaggonta, zaune tana ɓarzar kalwa.

"Dada, an kwan lahiya?"

"Lahiya lau, Taiba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina ƙwauri?"

"Ƙwauri ya gode Allah, tsakuwa ta ka cin shi. Ina Ɗantala?"

"Yana gaishe ki."

"Ƙarya kike, mijinki bai gaida kowa sai mai hura. Kin ga yadda anka yi da ni ko? Shekara arba'in ina jin tarin Falalu ta katanga, yanzu an raba mu, an ba ni minsharin Sallau. Shiga, ga ƙohwar nan gaba."

Taiba ta yi dariya ta shiga ƙofar da ke gaba.

A nan dole in tsaya in faɗi abin da kowa a garin ya sani. Barira, uwar amarya, Falalu ta fara aure. Ya sake ta, tana gama idda Sallau ya aure ta, wata bakwai ta haifi Lantana. Ungozoma ta ce bakwaini ce, kuma duk wanda ya ga jaririyar kamar ɗan tsako ya san haka ne. Amma gari ya fi son lissafin yatsunsa. Shekara goma sha bakwai maganar tana kwance, ba ta mutu ba.

Lantana ta zauna a tabarma. Ɗakin kwano ne, zafi tun da safe, ƙawaye sun cika ƙofa. Taiba ta ce bismillah, ta rufe ido, ta fita a zuci kamar kullum. Rijiya, tsamiya, ƙofar Dada, ƙofar da ke gaba. Zanen ya zo mata sarai. Ta tsoma tsinke ta ja: baka biyu a kan gira, ɗigo biyar a haɓa. Da ta gama ta ja baya ta duba, ta ji daɗin nan da take ji a ƙirji duk lokacin da aiki ya fita.

Barira ta shigo da kwanon fura. Ta dubi fuskar ɗiyarta, ta ajiye kwanon a hankali kamar mai tsoron ya fashe.

"Taiba, mi na yi miki?"

"Kamar yaya?"

"Na ce mi na yi miki duniya? Gishirinki na ci, ko mijinki na kallo?"

"Barira, yi magana in gane."

"Wanga zanen gidan wa na?"

Taiba ta sake duban fuskar. Baka biyu, ɗigo biyar. Ta buɗe baki za ta ce na gidan Sallau, sai ta ga ba shi ba ne. Na gidan Sallau ganye uku ne a kowane kunci. Abin da ke fuskar Lantana zanen gidan Falalu ne.

Aka kori ƙawaye, amma sun riga sun gani. Aka kawo toka, aka kawo kanwa, aka kawo lemun tsami. Aka goge fuskar yarinya har ta yi ja ta kumbura, katambiri yana nan daram. Lantana ba ta yi kuka da ƙarfi ba, tambaya ɗaya take ta yi wa uwarta, "Inna, gaskiya ta?" Haka aka kai ta Morai da mayafi har ƙirji. Dangin ango ba su san zanen kowa ba, sun ce ma ya yi kyau. 'Yan rakiya ne suka dawo da labari, kowace da ƙarinta. Sallau ya yi wata guda bai ci tuwon Barira ba.

Gari ya rabu biyu a kan Taiba. Rabi suka ce da gangan ta yi, mai kwalliya tana shiga kowane ɗaki, ta san abin da ba a faɗa. Rabi suka ce aljanun gulbi ne da aka tashe su daga mazauninsu suka shiga hannunta. Ba wanda ya ce kuskure ne, domin kuskure ba ya daɗin ba da labari. Aka kawo mata rubutu ta sha, aka yi mata hayaƙi har ta yi kwana biyu tana tari. Mijinta Ɗantala, wanda ya samu aikin haƙar hanyar ruwa, ya ce, "Wai wa ya mutu? Baƙi na, ya goge. Tashi ki ba ni tuwo."

Baƙin ya goge a kwana takwas. Abin da bai goge wa Taiba ba shi ne daɗin nan da ta ji a ƙirji. Da a ce ta ji shakka lokacin da take jan layin, da da sauƙi, sai ta ce gobe in na ji shakka zan tsaya in tambaya. To ba ta ji ba. Yadda ta tabbata a kan amare ɗari uku da suka wuce, haka ta tabbata a kan Lantana. In haka ne, da me za ta gane ranar da ta yi daidai?

Ta koma tana zama a tsakar gida da rana tana zane a ƙasa da yatsa. Ta rufe ido ta fita, ta tsaya ƙofar masunta, ta zana, ta duba, ta share. Ta sake fita. Wani lokaci lungun ya kai ta rijiya, wani lokaci ta tsinci kanta tsakanin bangaye masu lamba. Abin ya bi ta har madafa: ta sa gishiri a miya, ta tsaya tana tambayar kanta ko ta sa, ta ƙara. Ta daina sa kwalli a idonta, ita da ba a taɓa ganin ta ko wajen jana'iza ba kwalli ba. Aka aiko mata aure biyu, ta ce hannunta ke ciwo. Na ukun ba a aiko ba. Aka sayo hoda da jan-baki a kasuwar Talata, ƙawayen amarya suka shafa mata.

Damina biyu suka wuce a haka. Wata ranar Laraba Dada ta dogara sanda ta zo har gidan Taiba a layi na bakwai, ta yi sallama, ta zauna kan turmi ba a ba ta ba.

"Ashe kina da rai. Na ce ko an bizne ki ban ji ba, in zo in ci gumba."

"Sannu da zuwa, Dada. Ina ƙwauri?"

"Bar ƙwaurina. Dubi idonki kamar na jemage. Mai kwalliya ba kwalli, mahauci ba wuƙa."

"Na bar aikin."

"Wa ya karɓa?"

Taiba ta sa tafin hannu ta share zanen da ke gabanta a ƙasa.

"Ni dai ban yi boko ba," in ji Dada, "kuma aljani ban taɓa ganin shi ba, sai dai mutane masu halinshi. Amma na yi ta juya abin nan. Gwaggonki ta gaya min yadda kuke yi, ƙohwa ƙohwa. Ranar nan wa kinka gaisa da shi kahin ki shiga?"

"Ke."

"A tsohon gari, in kin wuce ƙohwata, ta wa ka biye?"

Taiba ta rufe ido ta bi tsohon lungun. Sannan ta ce a hankali, "Ta Falalu."

"To! Kin gan ni zaune, kin shiga ƙohwar gaba, ƙahwarki ta ce Falalu. Ba aljani, ba mugunta. Laihin mai kiran lamba na. Tashi ki wanke ido."

Ana cewa sanin cuta rabin magani ne. Wanda ya fara faɗar haka bai taɓa jin an gaya masa sunan cutar da ba ta da magani ba. Taiba ta daɗe tana kallon ƙasa. Da ta ɗago, fuskarta ta fi da muni.

"Dada, da aljani na, da malam ya hidda shi. Yanzu kin ce min ba hannuna ka zane ba, gari na. Garin kuwa yana ƙarƙashin ruwa."

"Yana cikin kanki."

"Yana zubewa. Jiya na nemi gidan Dikko makiyayi, na rasa ko kahin tsamiya yake ko bayanta."

Dada ta buga sanda a ƙasa. "Ɗauko ƙoƙon."

"Ya bushe."

"Jiƙa shi. Ga huska, kyauta. Ta yi yamutse, amma huska ta. Zana min na gidan ubana, in gani in hannun ya mutu."

Taiba ta yi gardama, tsohuwa ta ƙi tashi daga kan turmi. Daga ƙarshe ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙon, ta zuba ruwa kaɗan ta dama, ta fere sabon tsinke. Ta durƙusa gaban Dada ta rufe ido.

Gidan uban Dada na nan kusa da masallaci, ta same shi ba wuya, zanen ya zo: tsani a goshi, ɗigo ɗaya a kowane kunci. Ta ji tabbacin nan a ƙirji, ta kuma ji tsoronsa. In ta zana Dada ta ce daidai ne, da me za ta san ba don tausayi ta faɗa ba? Sai wata dabara ta zo mata, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ya daɗe shi kaɗai da tunaninsa. Ta tsoma tsinke ta ja wani zanen daban da gangan, na gidan mahauta, wanda ba ya kama da tsani ta kowace fuska: ƙugiya a kowane gefen ido, layi a haɓa. In Dada ta ce ba shi ba ne, to akwai mai gyara ta a duniya, za ta iya komawa aiki tana tambaya.

Layin ya bi yamutsen fatar ya fita tsaf. Ta miƙa madubi.

Dada ta kai madubin nesa, ta kawo shi kusa, ta karkata kai. Idonta ya kawo ruwa.

"Allahu akbar. Shi na. Wallahi kamar ranar da anka kai ni. Kin gani, 'yar nema? Hannunki na nan."

"Kin tabbata?"

"In rantse miki da mi? Ga shi har na ji ƙamshin turaren innata."

Taiba ta karɓi madubin ta kife shi a tabarma.

"Na mahauta na, Dada."

"Wane?"

"Na gidan mahauta. Naku tsani na a goshi."

Tsohuwa ta taɓa gefen idonta. Ko ƙarya ta yi don ta ɗaga Taiba, ko ita ma ta manta, ban sani ba, kuma ina jin ita kanta ba ta sani ba. Shekara hamsin da wani abu ke nan da ta ga zanen a fuskarta, sau ɗaya, a madubin aro.

"Ja'ira," ta ce daga baya. "Kin mai da ni ɗiyar mahauta da tsuhwana. To bari ki gani. Da shi za ni yawo, duk wadda ta tanka in aiko miki ita, ku zauna ku tuna tare. Ai ba ke ɗai kinka san garin ba."

Haka ta yi. Kwana bakwai Dada tana tallar daddawa layi layi da ƙugiya a gefen idanunta. Ta shiga gidan suna, ta zauna wajen famfo inda mata ke jiran ruwa, ta je har gidan mahautan kansu ta sayi tsoka. Aka yi mata ba'a, aka ce Dada za ta yi sabon miji, aka tambaye ta ko direban tarakta ne ita ma. Matar mahauci ta ce kwalliyar ta yi kyau, wa ya yi mata. Ba wadda ta ce zanen nan ba na gidanku ba ne. Garin da ya karanta fuskar Lantana cikin ƙiftawar ido bai iya karanta ta Dada ba, domin a fuskar Dada ba abin kunyar kowa.

Rana ta takwas ta dawo layi na bakwai, baƙin ya fara dusashewa. Ta iske Taiba tana ɗaura tsohon zane a gindi, ga fartanya jingine da bango.

"Ina za ki?"

"Dashen shinkahwa. Ana ɗaukar mata a hilin ruwa, mota na zuwa bakin hanya."

"Ke? Da hannun nan?"

"Shi ka gare ni."

"Zauna ki ji albishir. Ba wanda ya gane. Ko ɗaya! Har matar mahauci. Kin ga ke nan ba abin tsoro. Jikata za ta yi aure bayan Sallah, ki zo ki zana mata abin da kinka ga dama, kowa ya ce madalla."

"In kowane na zana daidai na, mi za a kira ni in yi? Ƙawayenta ma sun iya."

"Naki ya hi kyau."

"Ba kyau gwaggo ta ba ni ba, Dada."

"To ki zana tsanin. Kin dai san shi, ke kinka gaya min."

"Na san shi yadda na san na Lantana."

Daga bakin hanya aka ji mota tana hon, mata suna kiran juna. Taiba ta ɗauki fartanya ta saɓa a kafaɗa.

"In kin huta ki ja min ƙyauren, awaki na shigowa."

Ta fita. Dada ta zauna kan turmi har ƙarar motar ta ɓace, sannan ta dogara sanda ta tashi, ta ja ƙyauren, ta tsaya a waje tana duban bangaye, tana neman ta inda layi na uku yake.